Hoton Fasfon Inna

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ya san abin da hakan ke nufi. Ana yaye ni aka ƙulle 'yan tsummokarana aka miƙa ni ga Goggo Batulu, ƙanwar mahaifina, a Tukur-Tukur. Can na yi wayo, can na sha bulalar makarantar allo. Mahaifiyata, Inna Larai, tana nan Ƙofar Jatau, tafiyar da ko gumi ba za ka yi ba, amma tsakanina da ita sai ka ce Zariya da Makka. Sunana Jibrilu, 'yan unguwa na ce mini Bahago don da hagu nake komai ban da cin abinci. A bakin Inna kuwa ba ni da suna. In Goggo na kusa, ni ne "ɗan naki". In ba ta nan, ni ne "wancan". In na durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. Matan unguwa har misali suke yi da ita, wai Larai ta iya alkunya, ko ido ba ta taɓa haɗawa da ɗan farinta ba.

Su suna yabo, ni abin yana ci na a rai. Na yi kishin ƙanena Ya'u, kishi ba na wasa ba. Ƙato da gemunsa, amma sai ya shigo ya baje a tabarmarta, ta dube shi ido cikin ido ta zage shi tas, sannan ta tura masa kwanon fura. Ni ko zagin ban samu ba. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba. Sau ɗaya dai in ga idon Inna a kaina.

Bayan rasuwar Baba na dawo gidanmu, aka ba ni shagon da ke jikin zaure. Lokacin ina koyarwa a firamare. Shekarar da aka yi rabon Udoji, wato kuɗin ƙarin albashin ma'aikatan gwamnati, abokan aikina kowa ya ruga, wannan babur, wancan rediyo mai kaset. Ni na sayo kyamara. Goggo ta riƙe haɓa ta ce, "Duk kayan duniya ka rasa na saye sai akwatin satar fuskokin mutane? Allah ya shirye ka, Bahago."

'Yar ƙarama ce, irin wadda ake karawa a ido. Na cinye fim na farko a yini guda, ina ta hura hanci, na kai wa Malam Inuwa, wani dattijo mai wankin hoto a Tudun Wada. Ranar da na koma karɓa, ya baza su a kan tebur yana dariya har da share hawaye. Ga Ya'u daga wuya zuwa ƙasa. Ga limaminmu, rawani babu rabi. Ga 'yan ajina baƙi ƙirin kamar an tsamo su daga marina, don na tsayar da su rana na bayansu. A kusurwar kusan kowane hoto kuma ga babban yatsana ya leƙo.

"Malam Bahago," ya ce, "kai mai hoto ne ko mahauci? Kowa ka sare masa kai."

Na ji haushi, har na yi niyyar ba zan sake taka shagonsa ba. Ranar Asabar sai ga ni na koma. Mutum ne mai baki, amma ba ya rowar abin da ya sani. Shi ya ce mini in daina kallon mutum in fara kallon hasken da ke kan mutum. Ban gane ba sai da na yi asarar fim mai yawa. Na riƙa fita da hantsi ina bin lunguna, ina lura da yadda rana ke faɗowa ta ƙofar zaure ta kwanta a gefen fuskar masu ɗinkin riga, ta bar ɗaya gefen cikin inuwa. Na gano cewa tsakar rana makiyiyar mai hoto ce, tana mayar da idon mutum rami. In an tashi daga makaranta nakan hau keke zuwa Kufena, in zauna a kan dutse ina jiran la'asar sakaliya, lokacin da ganuwa da gidajen ƙasa ke yin ja kamar an shafa musu manja. Sannu a hankali kawuna suka daina ɓata, yatsana ma ya koma inda Allah ya ajiye shi.

Wahalar da ta fi ta haske ita ce ta mutane. Bazazzagi in ya ga kyamara sai ya sandare kamar an ce masa ga alƙali. Ya ɗaure fuska, ya turo hannu gaba don agogo ya fito, wani ma har rediyon maƙwabci yake arowa ya rungume. Na koyi yi musu hira. In tambayi manomi yadda dawa ta yi bana, in tsokani maɗinki cewa askar rigarsa ta karkace. Wani lokaci in ce an gama, sai mutum ya saki numfashi, kafaɗunsa su sauka, a nan nake dannawa. Kafin shekara ta zagayo, ba a suna ko ɗaurin aure a Ƙofar Jatau ba a aiko a ce Malam Bahago ya zo da akwatinsa ba. Ban mai da shi sana'a ba, kuɗin fim kawai nake karɓa, amma na fara tafiya kamar wanda ya san abin da yake yi.

Mutum ɗaya ce ta gagare ni. Ina da hoton bayan Inna tana tankaɗe. Ina da hoton kunnenta da gefen ɗankwali, ranar sunan 'yar Ya'u. Ina da na hannunta a kan taɓarya. Da na ɗaga kyamara zuwa idona sai ta juya, ko ta ja mayafi, ko ta tuna da wani aiki a ɗaki. Wata rana Goggo ta ja ni gefe ta ce, "Kai ba ka da ta ido ne? Ka tsaya ƙiƙam ka ƙura wa uwarka ido ta cikin ƙarfe, a gaban mutane? So kake a ce ban ba ka tarbiyya ba?" Na ba ta haƙuri. Na koma shago na jera hotunan a kan gado, baya da kunne da hannu, ina duba su ina jin kamar in yi kuka. Na ɗauki fuskar rabin unguwa, ta mahaifiyata ban san yadda take ba in tana kallon mutum don ƙauna, sai dai in hango daga gefe in tana kallon Ya'u.

Cikin haka Malam Inuwa ya sayi sabuwar kyamara, ya sallama mini tsohuwarsa. Wannan daban take. Akwati ce mai ido biyu, ɗaya bisa ɗaya, ana rataya ta a wuya ta sauko daidai ciki. Ba a kara ta a ido. Murfi ake buɗewa daga sama, mutum ya sunkuyar da kai ya leƙa, sai ya ga duk abin da ke gabansa a kan wani ɗan gilashi, ya murɗa har ya fito tangaran. Na lura tsofaffi sun fi sakin jiki da ita. Mai hoto ya sunkuya kamar mai gaisuwa, ba wanda ya ji ana kallonsa. Hotunana mafi kyau da ita na ɗauke su.

A shekarar ne cinikin fatun Ya'u ya yi albarka, ya biya wa Inna kujerar Makka. Gida ya cika da murna da 'yan taya murna. Sai aka zo maganar fasfo. Ya'u ya ce dole a kawo hoto, fuska sosai, ido a buɗe yana kallon gaba, ba sunkuye ba, ba gefe ba. Ya ce zai ɗauke ta a mota zuwa ɗakin hoto a Sabon Gari.

"Ni?" Inna ta ce. "Da tsufana in je in zauna gaban wani ƙaton da ban sani ba ya ƙare mini kallo? In haka ne Makkar ta jira."

Aka yi juyin duniya ta ƙi. Ina zaure ina jin su. Goggo ce ta gaji ta ce, "Ke Larai, ana neman wuta a maƙera ga ta a murhunki? Ba ga mai hoto a gida ba?"

Can na ji muryar Inna ƙasa-ƙasa. "Ɗan naki ya iya irin na fasfo?"

Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. Ranar har goge idon kyamarar na yi ta yi da audugar rimi kamar zan huda shi.

Washegari da hantsi na shiga cikin gida. Na zaɓi bakin rumfa, inda haske ke shigowa a kwance ba zafi. Na ajiye kujera 'yar tsugunne, na ba Goggo farin zanen gado ta ɗaga a bayan kujerar, ita kuma ta ɓuya a bayansa. Inna ta fito cikin saƙi da farin mayafi, ta zauna tana kallon ƙafafunta. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa wa bango kamar kullum. Na ja baya, na buɗe murfin, na sunkuyar da kai.

"Goggo," na ce, "a ce wa Inna ta ɗago, ta dubi nan daidai cikina."

"Kin ji, Larai," Goggo ta ce daga bayan zane.

A cikin gilashin na ga ta ɗago a hankali, a ɗarare, kamar mai leƙen ko akwai kare a gida. Ta ga kaina a sunkuye. Ta saci kallon hagu da dama, ba kowa, Goggo na bayan zane. Sai fuskarta ta saki. Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ta bi ni da ido tun daga hula, ta sauko kan kafaɗuna, ta tsaya a hannuna na hagu da ke murɗa akwatin, bakinta ya ɗan motsa kamar za ta yi murmushi ta fasa. Idonta ya ciko. Kallo ne na wadda ta daɗe da yunwar abin da take kallo. Ita a zatonta tunda kaina na ƙasa ba na ganin komai sai ƙarfe. Ba ta san tana tafin hannuna ba, ƙarama, a fili, har ƙwallar da ta taru a gefen idonta ina gani.

Hoton ya daɗe da fitowa tangaran, amma na ci gaba da murɗawa, in ɓata shi in gyara, in ɓata in gyara. Ashe duk shekarun nan haka take kallona in na juya baya. Goggo ta ce, "Kai Bahago, hannuna ya gaji, rijiya kake haƙawa?" Na riƙe numfashi na danna.

A ɗakin duhun Malam Inuwa, ƙarƙashin jar fitila, muka tsaya muna kallon takardar cikin ruwan magani. Mayafin ya fara fitowa, sai goshi, sai idanun. Malam Inuwa ya sunkuyo kusa. Ya ɗaga hoton da ɗan matsefi yana ɗiga.

"Wace ce wannan?"

"Mahaifiyata."

"Kai ne na fari?"

Na ce e. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Labarin zuciya a tambayi fuska. Malam Bahago, ba ni da sauran abin koya maka." Na sa ya wanke ƙanana na fasfo, da babba guda nawa na kaina. Na hau keke na dawo birni, babban yana cikin rigata a jikin ƙirjina, ina gaida duk wanda na gani har da waɗanda ba ma shiri.

Ƙananan na ba Goggo ta shiga da su. A tsakar gida akwai matan maƙwabta, sun zo taya Inna ɗaurin kayan tafiya. Daga zaure na ji Goggo ta rangaɗa salati, sai dariya.

"Larai! Ashe haka kike? Ku zo ku ga mai alkunya! Irin wannan kallo, kamar za ki haɗiye shi?"

Hoton ya bi hannu, mata na ta shewa. Ba da mugunta suke yi ba, tsiya ce irin ta sabo. Na ji Inna ta ce, "Ai kansa a sunkuye yake."

"A sunkuye yana kallonki tar a cikin akwatin! Ni ma ya taɓa leƙa mini, har kazar da ke bakin rijiya na gani."

Sai na ji Inna ta saki labulen ɗakinta, shewar ta mutu.

Bayan la'asar Goggo ta same ni a shago, fuskarta ba dariya. Ta ce Inna ta ce a kawo hotunan duka, har da baƙin fim ɗin da ake wanke su daga ciki, kuma in akwai wani a ɓoye shi ma a kawo. Na tashi tsaye. Ban taɓa ɗaga wa Goggo murya ba sai ranar. Na ce wane laifi ne uwa ta dubi ɗanta? Na ce shekara nawa ina jiran wannan, yanzu da na samu za a ƙwace? Na ce wace irin kunya ce wannan da ba ta jin tausayin kowa?

Goggo ta bari na gama. "Zauna," ta ce. "Fasfo hannu nawa zai bi? Daga nan har Kano, daga Kano har Jidda, kowane ma'aikaci ya buɗe ya ga abin da ta rufe tun kana cikin zani. Matan nan kuma ka san bakinsu. Da kunyar nan aka san ta, Bahago, ita ce adonta. Ni na yi wautar ɗaga shi a gaban mutane, amma kai kada ka ƙara mata."

Babban yana ƙarƙashin matashina. Ba wanda ya san da shi sai Malam Inuwa. Na daɗe zaune, Goggo na jira. Daga ƙarshe na ɗaga matashin na miƙa mata, ban sake duba shi ba don na san in na duba ba zan iya ba. Kafin magariba warin fim mai ƙonewa ya iso har zaure. Duk wanda ya san warin nan ya san ba ya kama da na komai.

Na rataye kyamarar a ƙusa. Aka yi suna biyu a unguwa, na ce ba ni da lafiya. Gaisuwar safe ban fasa ba, amma a taƙaice nake yi, ita ma amsarta ta ƙara yin ƙasa. Haushinta nake ji, ina kuma jin tausayinta, na rasa wanda ya fi. Abin da ya fi damuna shi ne fuskar ta fara dushewa a kaina. In na rufe ido ina ganin mayafin, idanun kuwa sai sun ga dama suke zuwa.

Ya'u ne ya tayar da maganar, ya ce ana gab da rufe karɓar hotuna, in ba a kai ba kujera ta tashi. Dole aka sake shiri. Bakin rumfa, kujera, farin zane, Goggo a baya. Inna ta fito ta zauna. Na sunkuya. Wannan karon ba a ce ta ɗago ba, da kanta ta ɗago, ta dubi idon akwatin da fuskar da ake kai wa asibiti a yi allura. Ba laifi a hoton, haske daidai, ido a buɗe, duk ma'aikacin da ya gani zai buga hatimi. Na danna, na ce, "Goggo, a ce wa Inna an gama."

Na kai hannu zan rufe murfin, sai Inna ta ce, "Batulu, leƙa mini tukunyar nan, kamar ina jin ƙauri."

Goggo ta yar da zanen a kan igiya ta nufi madafa, can bayan rumbu. Muka rage mu biyu. Ban taɓa zama daga ni sai ita ba tun da na yi wayo. Na rasa inda zan sa idona. Ita ma bango take kallo, tana murza bakin mayafinta. Can ta yi magana, da bangon, a hankali har sai da na kasa kunne.

"A sake leƙa akwatin. Amma kar a danna."

Na sunkuyar da kai. A cikin gilashin ta juyo. Wannan karon ba ta saci kallon hagu da dama ba, kuma ta san sarai ina ganinta. Ta dube ni. Ƙwallar ta taru, ta gangaro, ba ta share ba. Hasken hantsi na kwance a gefen fuskarta yadda na yi shekaru ina koyon nema, fim kuma da saura a ciki, yatsana na kan maɓallin. Na janye shi, na rungume akwatin da hannu biyu. Wani ɗigo ya faɗa kan gilashin daga idona, na goge da bakin hannun riga da sauri, don kada in rasa ko kaɗan.

Tana kallo, ina kallo, har muka ji takun Goggo. Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta mayar da ido ga bango, ta ce masa, "Allah ya yi albarka."

Goggo ta ɓullo tana karkaɗe hannu. "Wace tukunya, Larai? Ko wuta ba a hura ba."